Kangon Velma

A garin Tolliver, can bakin Kogin Ohio, akwai wani layi da ake kira Layin Sumac, wanda ya hau tudu ya je ya ƙare a jikin daji. Zamanin da masana'antar tangaran ke aiki, in aka busa jiniyar tashi da yamma sai layin ya cika maƙil, maza da mata suna hawowa da kwanukan abinci a hannu, farar ƙasa ta yi musu furfurar aro. Yanzu an daɗe da rufe masana'antar. Masu jini a jika sun bazama neman abinci wasu jihohin, tsofaffi kuma an bi da su maƙabartar coci ɗaya bayan ɗaya. A can ƙarshen layin, gidan da hayaƙi ke fita daga bututunsa bai wuce ɗaya ba, shi ne na Noreen Havlik.

Noreen ta haura saba'in. Mijinta Stan ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo kuma yana Texas, sai Kirsimeti ta zo yake tunawa da ita da kwalin alewa. Ba mai yawan ƙorafi ba ce. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, shi ne kangon da ke jikin gidanta ta gabas.

Gidan katako ne mai bene, irin nata sak, don magini ɗaya ne ya yi su. Wuta ta cinye rufin da rabin saman, ta bar bango baƙi ƙirin a tsaye. In aka yi ruwa, ƙaurin gobara sai ya taso sabo fil ya biyo ta har kicin. In iska ta taso, guntun kwanon da ya rage a sama ya dinga bugawa ke nan ba hutu. Ɓeraye sun mayar da wurin garinsu, har sun fara kawo mata ziyara. Hunturu biyu ke nan tana zaune da shi a haka.

Gidan Velma Rusk ne.

Tare suka shiga masana'anta suna 'yan mata, teburi ɗaya aka ba su, suna liƙa wa kofuna mariƙi. Tare suka yi goyo, kuma mazajensu ba su yi nisa da juna ba wajen mutuwa. Velma mai baki ce kamar reza, Noreen kuwa sai ta auna magana kafin ta fitar. Kowace safiya Velma kan buɗe tagar kicin ɗinta, wadda ke kallon ta Noreen, ta ƙwala kira.

“Ke tsohuwa! Kina da rai, ko in kirawo Fada daga coci?”

“Kira wa kanki,” in ji Noreen. “Ke ce ƙafa ɗaya a rami.”

“Ramin ma tsorona yake ji. Ɗora kofi, ga ni nan.”

Gobarar ta tashi wata Lahadi da rana, suna zauren coci ana cin abincin taro. An ce wayar lantarki ce da ta tsufa a cikin bango. Da suka iso, 'yan kwana-kwana sun riga sun haƙura da gidan Velma, bangon Noreen suke ta watsa wa ruwa don kada wutar ta tsallaka. Velma ta tsaya a tsakiyar titi rungume da tukunyar da ta kai miyar kabeji coci. Ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi tukunyar ta ce, “To, ke kaɗai kika tsira.”

Noreen ta gyara mata ɗakin ɗanta. Ta sayo katifa, ta ɗinka sabon labule. Sauran hunturun nan kusan duka tare suka yi shi, suna faɗa a kan gishirin miya, suna faɗa a kan tashar talabijin, Velma tana munsharin da ake ji har ƙasan bene. Noreen ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma tun rasuwar Stan gidan bai yi mata daɗi irin na lokacin ba.

Sai kamfanin inshora ya biya. Ba a yi mako biyu ba Connie, 'yar Velma, ta sauka daga Tucson, wani birni mai zafi can ɗaya ƙarshen ƙasar, da jakunkuna wofi.

“Mama, ba za ki sake yin wani hunturu a wannan ramin ba,” in ji ta. “Can akwai rana, akwai asibiti kusa, ga jikokinki.”

Noreen ce ta naɗe wa Velma 'yan kayan da mutanen coci suka haɗa mata. Da za ta shiga mota, Velma ta nuna kangon da haɓa.

“In ƙanƙara ta narke zan dawo in ga yadda za a yi da wannan tarkacen. Ki sa mini ido, kada wani ya sace mini toka.”

Ƙanƙara ta narke, ta sake zuba, ta sake narkewa. Abin da ya rage tsakaninsu sai waya ranar Lahadi, ita ma wani makon a yi, wani makon shiru.

Wata safiya a watan Maris, Noreen ta gama shanya a barandar baya ta shiga ciki ke nan, sai ta ji wani irin rugugi kamar an juye motar duwatsu. Iska ce ta karya bututun hayaƙin kangon. Tubala suka zubo daidai inda take tsaye ɗazu, ɗaya ya fasa tagar kicin ya faɗo cikin kwanon wanke-wanke. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta ɗauki tsintsiya ta share gilasan, ta toshe tagar da kwali, sannan ta kira ofishin hukumar gari.

Wanda ya zo shi ne Dwight Amato, kansilan unguwar, mai shagon sayar da kayan gini a bakin gada. Uwarsa ma a masana'anta ta yi aiki, Noreen ta san shi tun yana yawo da majina. Ya tsaya ya dubi tubalan, ya cire hula ya sosa kai.

“Misis Havlik, Allah ya tsare. Da kina wajen fa?”

“Da ka huta da ƙorafina.”

“Haba dai.”

“Yaushe za ku rushe shi, Dwight?”

Ya ja kujera ya zauna, da alama amsar ba gajera ba ce. Ya ce gari ba shi da ƙarfi. Kangaye irin wannan sun yi yawa, kowace unguwa akwai su, abin da ake warewa a shekara ba ya rushe ko kaɗan daga ciki. Gida ya ƙone, mai shi ya karɓi kuɗin inshora ya kama gabansa, ya bar wa maƙwabta gawa. Yawancinsu ma ba 'yan gari ba ne, mutanen nesa ne da ke sayen tsofaffin gidaje da araha su zuba 'yan haya, ko layin ba su taɓa takawa ba.

“Amma akwai wani ƙudurin doka a majalisar jiha,” in ji shi. “In ya wuce, duk gidan da ya ƙone, kamfanin inshora zai cire wani kaso ya ajiye a hannun hukumar gari. Mai gida ya gyara ko ya kwashe tarkacensa, a miƙa masa kuɗinsa cif. In ya ƙi, gari ya yi aikin da su. Mako mai zuwa kwamiti zai saurari jama'a. Mu in mun yi magana cewa suke siyasa ce. Bakin wanda abin ya ci suke son ji.”

“Velma ba irin waɗannan ba ce.”

“Ni za ki gaya wa? Ai marin farko da na sha a duniya ita ta yi mini, a kan tuffan bayan gidanta. Dokar ba za ta taɓa ta ba, abin da ya wuce ya wuce. Ba sai kin kama suna ba. Ki faɗi yadda zaman yake kawai.”

Noreen ta ce za ta yi tunani.

Ranar Lahadi ita ta kira. Velma ta ɗauka da muryarta ta kullum, ta shiga ba ta labarin zafi, da itacen lemun da ke bayan gidan Connie, da yadda tsuntsayen can ko kuka ba su iya ba. Noreen ta bari ta ja numfashi.

“Velma, bututun ya faɗi.”

“Wane bututu?”

“Na gidanki. Saura ƙiris ya faɗo mini a ka.”

Noreen tana jin wata ƙara can nesa a cikin wayar, kamar ana tura wani abu mai taya.

“Noreen, don Allah kada ki ɓata mini Lahadi. Ni ba ni da gida a can. Gidana ya ƙone.”

“Ni kuma ina jikinsa.”

“Ga Connie can tana kirana. Sai wani makon.”

Noreen ba ta ji muryar kowa ba. Ta ajiye wayar, ta zauna a kicin mai duhu saboda kwalin da ke tagar. Washegari da safe ta kira Dwight ta ce za ta je.

Tafiyar babban birnin jiha ta ci musu rabin yini a motarsa. Ta sa rigar sanyinta shuɗiya da take zuwa coci da ita. Ɗakin da aka kai su bai kai girman da ta zata ba. 'Yan kwamitin suna zaune a kan wani dogon teburi mai lanƙwasa, wasu suna latsa waya, wani yana cin gyaɗa a ɓoye. Shugaban 'yan kwana-kwana na wani gari ya fara magana, ya faɗi yadda yaransa ke shiga kango ɗaya sau uku sau huɗu suna kashe wuta. Bayansa wani mai baƙar kwat ya tashi a madadin kamfanonin inshora. Noreen ta shirya tsanarsa, sai ta ji ya yi magana a hankali. Ya ce kuɗin nan haƙƙin mutum ne, shekara da shekaru yake zubawa, kuma wanda ya wayi gari ba shi da ko cokali bai kamata a ce masa ya jira ba. Ta tuna Velma da tukunya a tsakiyar titi, ta ji mutumin bai yi ƙarya ba.

Aka kira sunanta. Ta zauna gaban abin magana, ta haɗa hannuwa a kan jaka. Ta faɗi ƙaurin da ke tasowa in an yi ruwa, da ɓerayen, da tubalan da suka zubo inda take shanya. Ta ce ita ba ta san doka ba, ta dai san in gemun maƙwabcinka ya kama wuta aka kashe, bai kamata a bar ka kana shaƙar hayaƙin har ka mutu ba. Masu latsa waya suka ɗago kai.

Wani ɗan majalisa mai farin gashi ya matso da abin maganarsa. Da ladabi ya yi tambayar.

“Misis Havlik, mai gidan nan, irin mutanen nesa ne da ke saye su yasar?”

“A'a.”

“Kin san shi ke nan?”

“Mace ce. Maƙwabciyata ce.”

“An biya ta kuɗin inshora?”

“An biya ta.”

“To yanzu tana ina?”

Tambaya ce ƙarama, amma sai Noreen ta ji wani abu ya taso mata daga ciki, abin da ta daɗe tana dannewa ba ta ma san girmansa ya kai haka ba.

“Tana inda rana take!” in ji ta, muryarta ta cika ɗakin. “Ta kwashi kuɗinta ta hau jirgi, ko waiwaye ba ta yi ba. Tun muna 'yan mata muke tare. Ta ci a gidana, ta kwana a gidana, ranar da kuɗi suka zo ta bar ni da toka da ɓeraye, ni kaɗai a layi guda. Ta ce in ƙanƙara ta narke za ta dawo. Velma Rusk, in kina ji na, ƙanƙara ta narke har sau biyu!”

Sai a lokacin ta lura da mai ɗaukar hoton talabijin a gefen bango, da 'yar jar fitila a jikin na'urarsa. Shugaban kwamitin ya yi mata godiya a hankali, ya kira na gaba.

A hanyar dawowa Dwight ya fara da murna, yana dukan sitiyari yana cewa yau kam sun ji a jikinsu. Da ya ga ba ta taya shi ba, sai ya mai da hankali kan tuƙi. Ta jingina kai da gilashi tana kallon kogi har suka shigo gari.

Da yamma aka nuna ta a labarai. Ba su nuna maganar ɓeraye ko ta tubala ba, wajen ƙanƙarar suka yanko. Washegari a kantin kayan abinci mutane suka yi ta tare ta. Mai yankan nama ya leƙo ya ce, “Misis Havlik, kin wanke mana zuciya!” Wata mata da ba ta sani ba ta rungume ta. Noreen ta sayi burodi da madara ta fito da sauri kamar wadda ta yi sata.

Ranar Laraba da hantsi waya ta yi ƙara. Velma ba ta taɓa kira ranar Laraba ba.

“Na gan ki,” in ji ta. Ba gaisuwa, ba tsokana. “Shuɗiyar rigar nan har yanzu ba ki yar da ita ba.”

“Velma...”

“Jikata ce ta turo wa wata ma'aikaciya a waya, ita kuma ta kawo mini har gado. Kafin azahar duk gidan nan an gani. Wata tsohuwa da muke cin abinci teburi ɗaya ta tambaye ni, wai ashe ni ce wadda ta gudu.”

“Wace ma'aikaciya? Ba a gidan Connie kike ba?”

Velma ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Gidan Connie? Ko wata uku ban yi a can ba. Mijinta ba ya son ƙarar talabijin, yaran kuma ɗakinsu na tare. Gidan tsofaffi suka samo mini. Ɗaki ɗaya da banɗaki, taga tana kallon wajen ajiye motoci. Kuɗin da kika gaya wa duniya na kwasa, su ke biyan ɗakin. Ranar da suka ƙare ban san inda za a tura ni ba.”

“Itacen lemun fa?”

“Sau ɗaya na gan shi.”

Noreen ta lalubi kujera ta zauna.

“Me ya hana ki gaya mini?”

“In ce miki me? In ce na bar garinmu na zo nan ana yanka mini nama ƙanana kamar jaririya? Ke kin san ni.” Ta yi tari, ta ci gaba. “Na ji bayanin dokar taku. Da tana nan a lokacin, da an riƙe mini kuɗi an share fili, ni kuma da har yau ina ɗakin ɗanki ina cin arzikinki.”

“To me ɗakin ya yi miki?”

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda Noreen ta so.

“Ba ki ce in zauna ba,” in ji Velma.

“Na sayo miki katifa. Na ɗinka labule.”

“Labule ba baki ba ne, Noreen. Ranar da Connie ta zo, ina zaune a bakin gado ina jira ki ce wani abu. Ko zagi ne. Ki ce, ke tsohuwar banza ina za ki? Ke kuwa sai ninke riguna kike yi kamar ana koran ki.”

“Na zaci kina son tafiya. 'Yarki ce ta zo. Wace ce ni da zan shiga tsakani?”

“Ni kuma na zaci na ishe ki.”

Kowace tana jin numfashin 'yar'uwarta daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan. A waje guntun kwanon yana ta bugawa.

“To ki dawo,” in ji Noreen. “Ɗakin yana nan yadda kika bar shi.”

“Da wace ƙafar? Tun faɗuwar da na yi bara a keke ake tura ni. Wa zai hau da ni tudun nan, wa zai hau da ni bene? Ke?” Muryarta ta yi laushi kaɗan, sannan ta sake tauri. “Kin kira sunana a gaban duniya, Noreen. Har da na mijina.”

“Na kira.”

“To. Ga mai magani ta shigo.”

Wannan karon Noreen ta ji muryar wata mata tana gaisuwa da fara'ar aiki, sannan layin ya katse.

Bayan 'yan makonni Dwight ya gaya mata Connie ta sa hannu a madadin uwarta, an sallama wa gari filin. Tunda kuma an nuna kangon a talabijin, sai ga shi kuɗin rushe shi sun samu, aka tsallake wasu da suka riga shi shiga layi.

Katafila ta zo wata safiya da rani, da manyan motoci biyu. Ma'aikatan suka ce ta rufe tagogi saboda ƙura, amma ta fito baranda ta tsaya. Haƙorin ƙarfen ya kama bangon gaba ya ja, sai ga ɗakin kwanan Velma a fili. Ɓangare guda wuta ba ta taɓa shi ba, takardar bangon tana nan da 'yan furanninta rawaya. Noreen ce ta riƙe mata tsani ranar da suka liƙa ta, suna faɗa a kan ta karkace ko ba ta karkace ba. Ta karkace ɗin kuwa, yanzu ta gani sarai. Katafilar ta sake kai hannu, bangon ya tafi.

Kafin la'asar an gama. Suka cike ramin ƙarƙashin gidan da ƙasa, suka baje, suka watsa irin ciyawa suka rufe da tattaka. Direban ya ɗaga mata hannu ya ce, “Yau za ki yi barci, Kaka.” Motocin suka gangara, layin ya koma shiru.

Haske ya shigo kicin ɗinta irin wanda ba ta taɓa gani ba tunda aka kawo ta gidan tana amarya. Iska ma ta samu hanya, tana zuwa kai tsaye daga kogi ta daki bangon gabas. Ƙaurin ya tafi, ɓerayen suka watse. Ta sa aka gyara tagar. Amma in tana wanke-wanke ta ɗaga kai, sai idonta ya wuce fili ya wuce wani filin, har can inda layin ya lanƙwasa, babu abin da zai tare shi. Ta koma wanke kwanukanta da labule a sake.

Ta ci gaba da kira ranar Lahadi, yanzu ta lambar gidan tsofaffin. Wani lokaci a ce Velma tana barci. Wani lokaci ta ɗauka, su yi maganar zafi da sanyi, da wanda ya mutu a Tolliver, da abin da aka ba su da rana. Velma ba ta sake ce mata tsohuwa ba. Ba ta tambayi gidan ba, Noreen ma ba ta ce an rushe ba, ko da yake ta san Connie ta gaya mata. Sau ɗaya, suna gab da sallama, Velma ta ce, “Itacen tuffan fa?” Noreen ta ce sun bar shi. Ta ce, “To, madalla,” ta ajiye.

Farkon hunturu Connie ta kira ta ce Mama ta rasu, cikin barci, ba ta sha wahala ba. A can za a yi komai, tafiyar ta yi wa kowa nisa. Noreen ta roƙi Fada ya yi mata addu'a a cocinsu ranar wata Talata. Waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, don waɗanda suka san Velma yawancinsu suna kwance a bayan cocin.

Ƙudurin kuwa bai wuce a wannan zaman ba. Aka yi ta ja-in-ja, aka rage kason da za a riƙe, aka sa sharaɗin a hanzarta mayar wa mai gida kuɗinsa in ya share. Sai a shekara ta gaba ya zama doka. Dwight da kansa ya hawo tudun ya kawo mata labari. Bai kashe mota ba, ya tsaya a ƙasan matakala da hula a hannu.

“An sa hannu, Misis Havlik. Za a yi ɗan biki a babban birni, sun ce lallai in zo da ke.”

“Ka gaishe su.”

“Haba, ai ke kika...”

“Na yi maganata a can, Dwight. Ta isa.”

Ya juya hular a hannunsa. Ya ce akwai kuma maganar filin. Gari yana ba maƙwabta irin waɗannan filaye kusan kyauta, in tana so ta haɗa da nata, ta yi lambu ko wani abu.

“Nawa ma da ƙyar nake yanke ciyawarsa,” in ji ta. “Ku bar shi. Ka shigo ka zauna mana, na gasa kek.”

“Wallahi na bar shago ba kowa. Wani lokaci, in Allah ya so.”

Ta ce ba komai. Ta tsaya ta ga gangarawarsa har motar ta sha kwana.

Rana ta yi sanyi, ciyawar filin ta yi tsawo ta fara rawaya. Tana shirin komawa ciki sai ta ga motsi a bakin daji. Barewa ce, ita da ɗanta, suka fito a hankali suna kaɗa kunne. Suka ratso filayen da a da gidajen mutane ne, ba wanda ya kore su, ba kare ko ɗaya da ya yi haushi. Uwar ta ɗago ta dubi Noreen, ta ga ba abin tsoro ba ce, ta sunkuya ta ci gaba da kiwo. Noreen ta tsaya riƙe da ƙofa har sanyi ya fara shiga ƙafafunta. Sannan ta shiga, ta yanka kek ɗin yanka ɗaya, ta rufe sauran, ta kunna rediyo don a samu mai magana a gidan.